Baƙin Beyar, Bazara da Kan Burtun Kakana

A unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Duwala, ba mu da daji, ba mu da hunturu, kuma mafi yawanmu ba mu taɓa ganin ɓauna ba sai a hoto. Duk da haka, da wuya rana ta faɗi ba ka ji an ce 'yan sanda sun yi wa ɓarayi kwanton ɓauna ba, ko ana farautar wane, ko wane ya zama karen farautar wani mai kuɗi. In aka tsare mutum da laifin da ba shi ya faro ba, sai ya ce ba shi ya kashe zomon ba, rataya aka ba shi. Maganarmu cike take da kayan dawa, alhali masu yin ta sun tashi ne tsakanin kwata da kwano da hayaniyar babura. Ɗalibin da ke son ya fahimci irin waɗannan maganganu, dole ya san sana'ar da ta haife su. Abin mamaki, ni abin da ya mayar da hankalina ga wannan sana'a wata dabba ce da babu ita a Afirka baki ɗaya.

Wani ɗan ƙanena ne ya kawo majalisar dattawa wani bidiyo a wayarsa: Ba'amurke biyu a kan tsauni, dusar ƙanƙara na narkewa a bayansu, suna neman wata baƙar dabba mai kauri. Dattawan suka ce in faɗa musu abin da ake yi da Hausa. Taken bidiyon gajere ne, amma kalmomi uku a cikinsa suka tsaya mini: sunan dabbar, sunan lokacin, da sunan aikin kansa.

Sunan dabbar shi ne mafi sauƙi, domin babu abin yi sai aro. Yaranmu da ke makarantar Faransanci sun san ta da ours, almajirai sun san dubbu na Larabci, masu fassara kuwa sun ari kalmar Ingilishi suka ce beyar, kuma haka take a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa. Irin da ya taɓa zama a Afirka, na tsaunukan Atlas a Magrib, ya ƙare tun da daɗewa. Wani dattijo ya ce ai kura ce ta Turawa. Ban yarda ba. Kura mai cin mushe ce da dare, kuma a tatsuniyarmu ita ce sarauniyar kwaɗayi da wauta. Baƙin beyar kuwa mafi yawan abincinsa ciyawa ne da 'ya'yan itace da ƙwari, yana hawa itace kamar damisa, kuma ba dole ne ya zama baƙi ba, domin a yammacin Amurka ana samun masu launin ƙasa-ƙasa. Wanda ya kira shi kura ya ɗora masa halin da ba nasa ba.

Sunan lokacin ne ya fi ba ni aiki. An saba fassara abin da Ingilishi ke kira spring, Faransawa kuma printemps, da bazara, saboda watannin sun zo ɗaya: Maris, Afirilu, Mayu. To amma bazara a Kano ko Maraɗi lokacin zafi ne mai tsanani, rijiyoyi sun ja baya, ƙasa ta ƙeƙashe, ana sharar gona ana duban gabas ko hadari zai taso. A tsaunukan Roki kuwa lokacin fita ne daga sanyi mai kisa. Yaron New Bell ma bazarar kanta bai san ta ba. Shi dai ya san ɗan rani daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'an nan ruwan Yuli da Agusta da ke cika lunguna har ya shiga ɗakuna. Idan na ce masa farautar bazara, na ba shi kalmar da ya ji a bakin kakarsa ne kawai, kuma ko ita kakar za ta hango zafi inda ake nufin ƙanƙara.

Sai da na bi yadda farautar ke gudana na ga inda al'amuran biyu suka haɗu. Baƙin beyar yakan shige rami ko kogo tun farkon sanyi, ya yi watanni ba ci ba sha, yana rayuwa da kitsen jikinsa. Idan ya fito, yunwa ce ke jan sa, kuma abin da ya fara samu shi ne ɗanyar ciyawar da ke tsirowa a gangaren da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi bugawa, ƙanƙara ta riga narkewa. Saboda haka mai neman sa a jihohin Aidaho ko Montana ba ya yawo barkatai. Yakan zauna a wancan gefen kwari da madubin hangen nesa, yawanci da yamma, yana bin koren wuraren nan da ido har wani baƙin ɗigo ya motsa. Daga nan sai saɗaɗe, yana lura da iska, domin hancin beyar ya fi idonsa aiki nesa ba kusa ba.

Da na kai nan a bayanina, wani tsoho mutumin Banyo ya ce, “Ɗana, ai toho kake nufi.” Kuma haka ne. A tudun Adamawa, bayan an ƙone daji da rani, ko bayan yayyafin farko, sabuwar ciyawa kan ɓullo daga cikin toka, kore shar, mai taushi. Nan gwanki da kanki da mariya da ɓauna ke taruwa, nan kuma maharbi ke jiran su. Maharbin Tibati da na Montana ba su haɗa wata ko yanayi ba, amma dukansu yunwar dabba suke karantawa. Shi ya sa a ganina fassarar da ta fi gaskiya ita ce lokacin narkewar ƙanƙara, ko lokacin tohon ciyawa, ko da ta fi bazara tsawo a baki.

Kalma ta uku ita ce nake so ɗalibi ya fi riƙewa. Ingilishi da Faransanci kowannensu da kalma ɗaya yake wadatuwa, mu kuwa muna da farauta muna da harbi. Farauta ta taro ce: a sa rana, a buga gangi, samari su fito da karnuka da gora da barandami, 'yan tauri na kirari, a kewaye daji a kora. Akwai ƙura, akwai gardama kan wanda karensa ya fara kamawa, wani lokaci har da jini tsakanin ƙauye da ƙauye. Harbi kuwa aikin mutum ɗaya ne ko biyu, da kwari da baka ko bindigar toka, da shiru, da sanin sawu. Mai yin na farko mafarauci, mai yin na biyu maharbi, jam'insu mafarauta da maharba, kuma shugaban maharba shi ne sarkin baka. Yau kafofin labarai sun faɗaɗa farauta ta haɗiye duka biyun, ba na kuma ganin laifin haka. Amma mutumin da ke zaune shi kaɗai a kan dutse yana jiran beyar, a Hausar kakanninmu maharbi ne.

Kakana na wajen uwa maharbi ne kafin ya zama mahauci. A cikin adakarsa akwai kan burtu: wani lanƙwasasshen itace da aka naɗe da fata, aka ɗaura masa bakin tsuntsun a gaba, da igiyar da ake zagaya wa goshi. Burtu babban baƙin tsuntsu ne mai kiwo a ƙasa, kuma dabbobin dawa sun saba da shi, ba sa gudunsa. Maharbi yakan ɗaura kan, ya rufa da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe cikin ciyawa yana kaɗa kai kamar mai tsince-tsince, har ya matso inda kibiya za ta kai. Kibiyar kuma an shafe ta da dafin ƙwanƙwani. Idan muka dame shi ya gwada mana, sai ya ce, “Abokina, gwiwar da ta yi wannan ta tsufa,” sa'an nan ya ɗaura mana mu yi ta rarrafe a tsakar gida. Daga bakinsa na fara jin sango, wato mashin nan mai dafi da ake ɗurawa a bakin bindiga a harbi giwa.

Wannan kalma ta ƙarshe tana da alaƙa da zuwanmu ƙasar nan. A ƙarni na 19 hauren giwa na cikin manyan abubuwan da suka jawo fatake Hausawa zuwa Ngaundare da Tibati da Banyo, har kudu zuwa ƙasar Yoko, tare da goro, daga baya kuma roba. Bayan Jamusawa sun ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala a 1884, hanyoyin fatauci suka soma karkata zuwa bakin teku, jama'armu suka biyo su. New Bell kanta ta samo asali ne daga ƙwace filayen bakin kogin Wuri da Jamusawa suka yi, abin da Rudolf Duala Manga Bell ya yi adawa da shi har suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya wurin ya zama matattarar baƙi. Jikokin masu haure suka koma dillancin shanu da fawa da tsire, wanda a nan ake kira soya, da kilishi. Tun da jirgin ƙasa ya isa Ngaundare a 1974, naman arewa a tarago yake zuwa mana, ba a kafaɗar maharbi ba.

Ba zan ce a yi kukan wancan zamani ba tare da duban abin da ya bari ba. Sango da bindiga sun rage giwayen Adamawa ƙwarai, kuma kisan ɗaruruwan giwaye da mahaya daga ƙetare suka yi a gandun Buba Njida a farkon 2012 ya nuna cewa kasuwar haure ba ta mutu ba. Dokar daji ta Kamaru ta 1994 ta kasa dabbobi aji uku, A da B da C, ta haramta taɓa na farko, ta bar wa mai farautar gargajiya na ƙarshe kawai. Malamanmu ma da suka karantar da mu Risala sun bambanta farautar neman abinci, wadda ta halatta, da ta wasa kawai, wadda aka ƙi.

Su ma Amurkawa gardamarsu a kan wannan lokaci take. Macen beyar takan haihu a cikin rami a Janairu ko Fabrairu, ta fito da 'ya'ya ƙanana masu shan nono. Doka ta hana harbin mace mai 'ya'ya, sai dai sau da yawa takan kora su kan itace ta tafi kiwo ita kaɗai, mai kallo daga nesa ya ɗauka namiji ne ko juya. Idan ta faɗi, su ma sun mutu. Kan haka ne mutanen jihar Kolorado suka jefa ƙuri'a a 1992 suka hana farautar beyar a wannan lokaci, lardin Ontariyo na Kanada ya soke ta a 1999, sa'an nan ya dawo da ita a matsayin gwaji a 2014. Masu goyon baya na cewa a lokacin ne maza ke riga fitowa, kuma gashin fatar ya fi kyau. Ni dai na fi karkata ga mutanen Kolorado, saboda abin da na ji daga kakana: ya ce maharbin kirki in ya ga barewa tana waiwaye wuri ɗaya tana ƙin nisa, ya san akwai ɗa kwance a ciyawa, sai ya sauke baka. Ya ƙara da cewa ba kowa ke saukewa ba, musamman in gida babu hatsi.

Abin da na faɗa wa dattawa a ƙarshe shi ne: maharba ne ke neman baƙin beyar a kan tsaunuka lokacin narkewar ƙanƙara, sa'ad da ya fito daga barcin sanyi yana bin toho. Sun gamsu, har suka shiga musu kan ko namansa ya halatta. Samarin da ke wurin su ne suka nemi ƙarin bayani, kuma ba a kan beyar ba. Wannan sun san shi daga talabijin. Toho suka tambaya, da gangi, da bambancin gwanki da kanki. Ɗaya daga cikinsu, wanda kullum yake cewa an yi wa wane kwanton ɓauna, a ranar ya fara jin cewa ɓauna saniyar dawa ce, wadda in an raunata ta takan shige duhuwa ta laɓe a gefen sawunta, tana jiran mai bin jininta ya iso.