Taici, Gwiwa da Abokan Tafiya

Duk wanda ya daɗe a bayan tagar bayar da magani a asibiti ya san cewa rubuta magani ba shi ne wahala ba. Likita ya rubuta, mu mu ƙirga mu zuba a leda, mu yi zane biyu ko uku a bayanta saboda wanda bai iya karatun boko ba. Wahalar tana can gida, a wata na uku, lokacin da ciwo ya lafa, kuɗi ya yi ƙasa, kuma babu mai tambaya ko an sha na safe. A 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kusan rabin masu cututtukan da ke daɗewa ne kaɗai suke bin magani yadda aka tsara musu. A ƙasashen da suka ci gaba ke nan; a irin namu abin ya fi haka muni. To idan ƙwayar da ake haɗiyewa cikin daƙiƙa biyar tana gagarar mutane, ina ga motsa jiki, wanda ke neman sa'a guda da tsayuwa da haƙuri?

Da wannan idon nake kallon taici da cigong, motsa jikin nan na Sinawa da ake yi a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa. Na koye su a Nanjing lokacin da nake karatun digiri na biyu, kuma har yau ina yi. Abin da na gane shi ne, amfaninsu na gaske ne, amma bai cika zama a hannun wanda yake yi shi kaɗai ba.

Taici asalinsa fasahar faɗa ce. Masana tarihi suna danganta shi da ƙauyen zuriyar Chen a lardin Henan, a ƙarni na 17. Daga can Yang Luchan ya koya, ya kai shi Beijing a ƙarni na 19, kuma salon gidansa, mai taushi da faɗin motsi, shi ne ya fi yaɗuwa a duniya. A 1956 hukumar wasannin ƙasar Sin ta taƙaita shi zuwa motsi 24 don talaka ya iya koya, ana gama su cikin minti shida ko kusa da haka. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a Disamba 2020. Shi kuwa cigong ya fi sauƙi: yawanci a tsaye ake yinsa wuri ɗaya, ana maimaita motsi guda ana haɗa shi da numfashi. Wanda aka fi sani shi ne baduanjin, wato ƙyalle takwas na shaddar siliki, motsi takwas da ake kammalawa cikin kimanin minti goma sha biyu. Na farko a ɗaga hannuwa biyu kamar za a tallafi sama, na biyu a ja baka kamar maharbi, na ƙarshe a ɗaga diddige a sake shi ƙasa sau bakwai.

A gefen tafkin Xuanwu, daf da tsohuwar ganuwar Nanjing, na fara ganin yadda ake yinsa. Tun gari bai gama wayewa ba tsofaffi suke taruwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da ɗan rediyonsa da gindin bishiyarsa. Sanyin Nanjing mai laima ne, yana ratsa ƙashi, amma ba ya hana su fitowa. Rukunin da ya karɓe ni mutum goma sha ne, ƙaramar cikinsu ta haura sittin. Sinancina a lokacin bai wuce na kasuwa da ɗakin gwaje-gwaje ba, don haka koyarwar da hannu aka yi ta. Wata dattijuwa da kowa ke ce wa ayi, kamar mu ce goggo, ita ce takan zo ta dafa gwiwata ta mayar da ita saitin yatsun ƙafa, ta danna kafaɗata ƙasa, ta koma wurinta ba tare da ta ce uffan ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba motsin ba ne. In wani bai zo ba kwana biyu, kafin a kunna rediyo sai an tambayi dalili, kuma kafin azahar wani ya buga masa waya ko ya leƙa gidansa. Babu wanda ya naɗa su wannan aiki. A asibiti muna kashe kuɗi da takardu wajen bibiyar marasa lafiya, ba mu kai rabin abin da waɗannan tsofaffi suke yi wa juna ba.

Tunda aikina na awo da ƙirga ne, bari in kawo abin da aka auna. A 2018 mujallar JAMA Internal Medicine ta buga binciken Fuzhong Li da abokan aikinsa a jihar Oregon ta Amurka, kan mutum 670 masu shekara 70 zuwa sama waɗanda ke cikin haɗarin faɗuwa. Bayan mako 24, waɗanda suka yi taici sun sami raguwar faɗuwa da kashi 58 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu miƙe gaɓɓai kawai, da kashi 31 idan aka kwatanta da masu haɗa motsa jiki iri-iri. Shi dai Li ɗin, a 2012, ya nuna a mujallar New England Journal of Medicine cewa taici ya gyara daidaiton tsayuwar masu cutar karkarwa ta Parkinson, cikin mutum 195. A Boston kuma, Chenchen Wang ta gwada shi a 2016 kan mutum 204 masu ciwon zaizayar gwiwa, ta tarar sauƙin da ya kawo ya yi daidai da na gashin ƙashi a asibiti. Shi ya sa ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ta ba da shawara mai ƙarfi a yi taici don ciwon gwiwa da na ƙugu. Game da hawan jini, wani binciken da aka yi a Beijing aka buga a 2024, kan mutum 342 da jininsu ya fara hawa, ya sami raguwar lambar sama da kimanin 7 bayan shekara guda, masu gudu da tafiya da sauri kuwa kimanin 4.6. Wannan ci gaba ne, amma mai awon 170 ya lura: bakwai ba za ta kai shi gida ba.

Ba abin mamaki ba ne taici ya rage faɗuwa. Kusan dukkansa sauya nauyin jiki ne daga wannan ƙafa zuwa waccan, a hankali, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Cinya tana ƙarfi, tafin ƙafa yana koyon jin ƙasa, ƙwaƙwalwa tana sabawa da sanin inda jiki yake ba sai ido ya duba ba. Akwai motsin da ake kira zakaran zinariya ya tsaya da ƙafa ɗaya, wanda shi ne dai abin da tsoho yake yi in zai sa wando ko zai wanke ƙafa a alwala.

Faɗuwar tsoho ta shafe ni kai tsaye, domin sau da yawa dalilinta yana cikin ledar da na miƙa. Amitriptyline da ake bayarwa don zafin jijiya, diazepam don barci, magungunan hawan jini da kan sa jiri in an miƙe da sauri, glibenclamide da kan zubar da sukari ƙasa: kowannensu yana iya kayar da mutum a hanyar banɗaki da tsakar dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma tsohon da ƙashin ƙugunsa ya karye sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Ga kuma mai ciwon gwiwa da ke sayen diclofenac a kemis yana sha wata da watanni, yana da hawan jini, ƙodarsa tana lalacewa shiru, cikinsa yana neman gyambo. In akwai abin da zai rage masa buƙatar wannan ƙwaya ko da kashi ɗaya cikin uku, ni a wurina ya cancanci a saurare shi da mutunci.

Sai dai a duba yadda aka sami waɗancan sakamako. A binciken Oregon sa'a guda ake yi, sau biyu a mako, har wata shida, a aji, da malami, tare da mutane. Wannan shi ne awon maganin. Wanda ya kalli bidiyo sau uku ya kwaikwaya a ɗakinsa ya bari, bai sha abin da aka gwada ba, kamar wanda aka rubuta wa maganin kwana bakwai ya sha na kwana biyu.

Na san tambayar da ke zuciyar wasu masu karatu, domin an sha yi mini ita: shin wannan ba bauta ba ce? Gaskiya ne kalmar taici da tunanin yin da yang sun fito daga tsohuwar falsafar Sinawa, kuma malaman gargajiya suna bayanin motsin da ci, wani ƙarfi da suka ce yana zagaya jiki. Ni ban taɓa ganin na'urar da ta auna ci ba, kuma ba na buƙatarsa kafin in fahimci dalilin da ya sa jan numfashi a hankali yake kwantar da bugun zuciya. A rukunin da na zauna babu addu'a, babu rusunawa ga wani abu. Abin da ake yi bai bambanta da atisayen safe ba sai ta wajen natsuwa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ya kwatanta masa ainihin abin da ake yi. Wanda kuma ya ce zai warkar da ciwon daji ko ciwon sukari da ci, a guje shi, ko daga Sin ya fito ko daga bayan layinmu.

Da na dawo gida babu tafki, babu goggo mai dafa gwiwa. Abin da ya riƙe ni shi ne mu bakwai da muka saba tun can, yanzu muna warwatse a ƙasashe huɗu, muka yanke mu riƙa haɗuwa ta bidiyo ranar Talata da Asabar. Sin tana gaban Najeriya da sa'a bakwai, don haka in na idar da sallar asuba na jingina waya a kan kujera a tsakar gida da ƙarfe shida, malaminmu yana can ya gama abincin rana. Wani lokaci hoto yakan daskare hannunsa yana sama, mu ci gaba da ƙirga da baki har ya dawo. Koyo ta wannan hanya yana da naƙasu, kuma ba zan ɓoye ba: waya ba ta iya gyara gwiwa da hannu, kuma kuskuren da za a kama cikin minti ɗaya a fili yakan yi mako uku kafin a lura. Mun rage wannan da juya wayar gefe lokaci-lokaci don a ga ƙafafu. Amma ɗabi'ar nan ta bakin tafki ta biyo mu. Satin da nake aikin dare na rasa zama biyu a jere, kafin in farka saƙo uku suna jirana, ɗaya daga ma'aikaciyar jinya da ita ma ta kwana a tsaye. Wani a cikinmu ya yi jinyar mahaifinsa wata huɗu, yakan shigo ya zauna kawai yana numfashi tare da mu, babu wanda ya ce masa komai. Da mahaifin ya rasu, a wannan zaman muka fara yi masa ta'aziyya.

Yanzu mahaifiyata takan tsaya a bayana ranar Asabar, hannunta ɗaya a kan bayan kujera. Motsi uku kawai take yi daga cikin takwas na baduanjin, kuma ta ce wanda ake juya wuya a kalli baya yana sa ta hajijiya, don haka mun cire shi. Da na ce, "Inna, ko mu ƙara na huɗu?" sai ta ce ita ba sauri take yi ba. Maƙwabciyarta ta fara leƙowa.

Ga wanda zai fara, musamman in ya haura sittin ko yana shan magani kullum: ya faɗa wa likitansa ko mai ba shi magani tukuna. Ya tsaya kusa da bango ko kujera mai ƙarfi, a kan ƙasa marar santsi, ba a kan tabarmar roba da ke zamewa ba. Kada gwiwa ta wuce yatsun ƙafa ko ta karkata ciki, kuma ba sai an durƙusa ƙasa sosai ba. Gajiyar cinya daidai ce, amma suka a cikin gwiwa alama ce ta a dakata. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin kada ya yi da yunwa, ya ajiye dabino biyu ko uku kusa. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya ɗauke, ko gani ya dushe, ya zauna nan take kuma ya nemi asibiti. Ya samo mutum biyu ko uku, a tsakar gida ko ta waya, su tsayar da rana da lokaci tun kafin su koyi motsi na farko.

Mai hawan jini kuma ya ci gaba da shan maganinsa kamar yadda aka rubuta, ya riƙa auna jinin sau biyu a mako yana rubutawa a littafi da kwanan wata. In bayan wata uku lambobin sun sauka, ya zo mana da littafin. Rage awon magani abu ne da ake yi, amma likita ne zai yi shi, yana kallon waɗannan lambobi.