Taku Ɗaya a Wajen Layi

Ina aji huɗu a makarantar sakandare aka zaɓe ni in wakilci gidanmu a tseren mita 800. Wannan tsere zagaye biyu ne na filin wasa. Dokarsa ita ce kowa ya tsaya a layinsa har a wuce kwanar farko, sannan a haɗe wuri ɗaya.

Ranar gasar, ni na fara isa ƙarshe. Ina cikin haki, ƙawayena suna ta sowa, sai aka sanar cewa an soke nasarata, domin na bar layina kafin lokaci ya yi. Wadda ta zo ta biyu aka ba kofi, ita ce kuma ta tafi gasar jiha. Na koma ɗakin kwana, na jefa takalmana ƙarƙashin gado, na ce ni da gudu har abada.

Bayan mako guda, malamar wasanni ta aika a kira ni. Na zaci rarrashina za ta yi. Sai ta ce, "'Yata, kin taka layi, hukuncin daidai ne. Amma zauna ki ji labarin wata wadda ta taka layi a gaban duniya."

A bakinta na fara jin sunan Maria Mutola, 'yar ƙasar Mozambik. An haife ta a birnin Maputo a 1972. Tun tana ƙarama ƙwallon ƙafa take bugawa tare da yara maza. Wani fitaccen marubucin waƙoƙi, José Craveirinha, ya ga saurinta, ya ba ta shawara ta koma gudu. A 1988, tana da shekara 15, ta shiga gasar Olamfik a Koriya ta Kudu, aka fitar da ita tun zagayen farko. Daga baya ta tafi Amurka, ta haɗa karatu da horo. A Olamfik ta 1992 ta zo ta biyar, a 1993 kuma ta zama zakarar duniya.

A gasar duniya ta 1995, a ƙasar Suwidin, kowa ya sa rai ita za ta sake lashewa. Amma a zagayen kusa da na ƙarshe ta taka wajen layinta, aka kore ta daga gasar. Bayan 'yan makonni ta fito tseren mita 1,000, ta kafa sabon tarihin duniya. A 1996 ta sami lambar tagulla a Olamfik. Sai a 2000, a birnin Sidni na Ostireliya, ta ci lambar zinare, irinta ta farko a tarihin ƙasarta.

Malama ta ce in lissafa daga 1988 zuwa 2000. Na ce, "Shekara 12, Malama." Ta ce, "To, ke kuma mako ɗaya ya ishe ki?" Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai.

Washegari da asuba na ciro takalmana, na kakkaɓe ƙura. Wata uku malama ta sa ni ina maimaita kwanar farko, har ƙafata ta san layinta ba sai na duba ƙasa ba. Da shekara ta zagayo, na zo ta uku a gasar jiha, kuma ba wanda ya soke mini komai. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Mutola ta halarci Olamfik sau shida kafin ta yi ritaya a 2008. Ni kuwa ban wuce gasar jiha ba. Amma duk lokacin da na yi kuskure a karatu ko a wurin aiki, nakan fara amsa laifina, sannan in koma in gyara wurin da na kauce.