Kura, Akuya Da Damin Harawa

Da na je hutu gidanmu a Sabo ta Ibadan, na tarar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙannena suna jin Hausa, suna yin ta, amma ka miƙa musu ita a rubuce sai in-ina. Lanƙwasar da ke kan ƙ da ɗ ma ɗauka suke kuskuren bugu ne.

Ran nan da dare aka ɗauke wuta, wayoyi suka mutu, muka fito tsakar gida shan iska. Sai Baba ya gyara zama ya ba mu wasa ƙwaƙwalwa. Wai mutum ne zai haye kogi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalensa kuwa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. Ya bar kura da akuya, an yi asara. Ya bar akuya da harawa, haka nan.

Ni ɗan jami'a na yi caraf na ce a fara kai kura, ai ita ce muguwa. Baba ya ce, "To malam, akuya tana godiya." Aka bushe da dariya. Autarmu, mai shekara 9, ba ta yi dariya ba. Tsakuwa uku ta tsinto tana ta jujjuya su a ƙasa, can ta ɗago ta ce, "Baba, an hana shi dawowa da abin da ya kai ne?" Ashe nan gizo yake saƙa. Akuya za a fara kaiwa, a kai kura, a dawo da akuyar, a kai harawa, sannan a komo a ɗauke ta. Hayewa bakwai ke nan.

Tukuicinta, Baba ya buɗe adaka ya ɗauko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya, wanda aka fara bugawa a 1937. Bangon ya fita tuni. Ya ce idonsa ya daina ganin ƙananan baƙaƙe, ita za ta riƙa karanta masa. Gabana ya faɗi, don ban san ciwon ya kai haka ba.

Shafi ɗaya ya ci mata kusan awa guda a hasken tocila, Baba yana gyara mata daga ka. Ranar da zan koma makaranta ta riga ta saba da akun nan mai ba da labari, har ta biyo ni bakin ƙofa tana cewa, "Yaya, kada ka dawo ba littafi na biyu."