Baka da kibiya a Portsmouth

Daga tashar Waterloo ta Landan jirgin ƙasa ya kai ni Portsmouth, garin sojan ruwa da ke gaɓar kudancin Ingila. Tashar ƙarshe a bakin ruwa take, kana sauka iskar teku ta mare ka. Wani ƙanen abokina da ke karatu a jami'ar garin ne ya tarbe ni, muka taka zuwa tsohuwar ma'ajiyar jirage, muka wuce wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Victory ba tare da mun tsaya ba. Ni Mary Rose ce ta kawo ni.

Jirgin yaƙin Sarki Henry na Takwas ce. Ta nutse a watan Yulin 1545 a kan idon sarkin, ana tsakiyar artabu da Faransawa, ta tafi da ɗaruruwan mutane. Sai a 1982 aka ciro abin da laka ta adana na gangar jikinta. A gidan tarihin da aka ajiye ta, mutane na ta dafifi wajen manyan bindigogi, ni kuwa na maƙale gaban bakuna. An samu 137 lafiyayyu, dogaye, yawancinsu sun fi tsayin mutum, an sassaƙa su daga itacen da suke kira yu, farin ɓangaren a baya, jan a ciki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa jan tsarkiyarsu na bukatar ƙarfin laba 100 zuwa 185. Ba mamaki da aka ga alamar wahala a ƙasusuwan kafaɗar wasu daga cikin mutanen jirgin.

Kibau kuwa dubbai ne. Tsinin ƙarfen ya narke a ruwan gishiri, gashin tsuntsun ya ruɓe, sandunan ne suka rage, galibi masu tsawon inci 30. A gindin, inda tsarkiya ke zama, ana tsaga itacen a cusa ɓallin ƙaho don kada ƙarfin baka ya fasa shi. Na tuna kyauron maharbanmu, wanda ko gashi ba a sa masa, don dogaronsa ga dafi ne da iya sanɗa, ba ga nisan zango ba.

"Yaya, ai ba ka ga komai ba sai ka ga ana harbawa," in ji yaron. Da yamma ya kai ni wani fili a bayan gari inda masu sha'awar harbi ke taruwa. Can muka iske wani dattijo mai yin kibansa da hannunsa, kuma a wurinsa na fahimci abin da gilashin gidan tarihi bai nuna mini ba.

Irin wannan baka ba a yanke masa gurbin da kibiya za ta bi ta tsakiya. A gefensa take kwanciya, bisa hannun maharbi, don haka bakinta na karkace tun kafin a sake ta. Da an saki tsarkiya, ƙarfin ya daki gindi alhali tsini bai motsa ba tukuna, sai sandar ta lanƙwashe, ta kewaye mariƙin bakan, ta koma ɗaya gefen, tana ta wutsil-wutsil kamar tarwaɗa har ta daidaita a iska. Ido ba ya ganin wannan, sai na'urar ɗaukar hoto mai sauri. In kibiyar ta cika tauri ba za ta kewaye ba, a wurin mai harbi da hannun dama sai ta fice hagu. In ta cika laushi ta zarce dama, wani lokaci ta bugi bakan da ƙara, in abin ya yi muni ma ta karye a hannunka.

Ya buɗe bayan motarsa ya nuna mana ma'auninsa. Turaku biyu ne, tsakaninsu inci 26. Ya ɗora sanda a kai, ya rataya nauyin laba 2 a tsakiya, ya duba yadda ta sunkuya. Ana raba 26 da wannan sunkuyon. Rabin inci ke nan ya ba da laba 52. Amma ya ce lambar mafari ce kawai. Dogon bakan Ingila ya fi son kibiyar da ta gaza ƙarfinsa da laba biyar zuwa goma, saboda faɗin mariƙinsa. Tsawon sanda na ƙara mata laushi, haka ma tsini mai nauyi. In ka datse ta kaɗan sai ta ƙara tauri. Hatta yadda jijiyar itacen ta kwanta yana da tasiri, shi ya sa yake juya kowace sanda kafin ya yanka gindinta. Ya harba mana guda biyu da ido ba ya bambanta su, ɗaya ta shige tsakiya, ɗayar ta sauka kamu guda zuwa hagu.

A shekarar da jirgin ya nutse Roger Ascham ya fitar da Toxophilus, littafinsa kan harbi, inda ya yi dogon bayani kan itatuwan kibiya da dacewarta da maharbi. Ashe sanin ya daɗe, ma'aunin ne sabo. Sai dai kiban Mary Rose a akwatuna aka loda su, dami-dami, ga kuma faya-fayen fata masu huda 24 da ake jera su ciki. Kayan sarki ne, ana raba wa kowa. Na ce wa dattijon a ganina sojan da ke harbin taron abokan gaba bai damu da kamu guda hagu ko dama ba. Bai yarda duka ba. Ya ce kibiyar da ba ta dace ba tana zubar da ƙarfinta a hanya, ta iso a karkace, sulke ya ture ta. Masu yi wa sarki kibau dole sun san kaurin da bakan yaƙi ke ɗauka, ko da da tafin hannu suke aunawa. Muna cikin wannan gardama aka fara yayyafi, ya kwance tsarkiyarsa, mu kuma muka nufi tasha.