Rigunan sanyin da na bari a masauki

Tun daren da za mu tashi uwargida ta jera wa autarmu rigunan sanyi da hula da safar hannu, ta ɗora maganin tashin zuciya a saman jaka. Ni na kwashe su. Farkon Yuli ne, rana ba ta faɗuwa a Ankorej sai bayan sha ɗaya na dare, na ce ai lokacin zafin mutanen Alaska ne, ba za mu yi ta jan kaya kamar masu ƙaura ba. Ta ce, "Maigida, ruwa daban, tudu daban." Na ce na karanta komai. Ta yi shiru.

Jirgin ƙasa ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Mil 114 ne zuwa Seward, tafiyar awa huɗu da wani abu, ciki da ɗumi, tagogi manya. Muka bi gaɓar Turnagain Arm, tumakin dutse farare suna tsaye a kan duwatsu, muka wuce busassun bishiyoyin da ruwan gishiri ya kashe bayan girgizar ƙasar 1964 ta nutsar da wurin. Yarinya ta manna fuska a gilashi tana ƙirga mikiya. Na dubi uwarta, a raina na ce ga shi nan.

Jirgin ruwan da muka hau a Seward ne ya tona ni. A cikin mashigin Resurrection ruwa kwance yake, har muka ga karnukan ruwa suna shawagi a rigingine. Muna fita bakin teku igiya ta fara ɗaga mu tana saukewa. Fuskar yarinya ta canza, amai ya biyo. Wata ma'aikaciya ta gaya mini a hankali cewa maganin ana shan sa ne kamar awa ɗaya kafin a hau.

Da muka isa gaban ƙanƙarar Aialik, matuƙi ya tsayar da jirgi. Bango ne fari mai shuɗi-shuɗi, reshe ɗaya daga filin ƙanƙara na Harding mai faɗin kusan murabba'in mil 700, yana gangarowa a hankali har ya tsaya a ruwa. Iskar da ke sauka daga kansa ta fi hunturun Jos nesa ba kusa ba, tana shiga har ƙashi. Yarinya ta fito minti biyu, haƙora na kaɗawa, uwarta ta mai da ita ciki ta lulluɓe ta da mayafinta. Ni kaɗai na tsaya a waje lokacin da wani ɓangare ya tsage da ƙara kamar aradu ya rufta cikin teku. Don wannan muka tara kuɗi, kuma domin yarinyar muka zo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ɗauka biyan kuɗin tafiya ya ba ni sanin komai a cikinta. Wadda ke kwana da yarinya in ta yi zazzaɓi ta fi ni sanin jikinta, na kuma yi watsi da maganarta a gaban 'yarmu. Tun ranar, jakar da ta haɗa ba na sa hannu a ciki.

A jirgin komawa na ce mata ta yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana. Can auta ta farka a cinyarta, ta dube ni ta ce, "Abba, da ƙanƙarar ta faɗo, yaya ƙarar take?"