Tsakanin Bita da Bita: Shekaruna na Aikin Lafiya a Ƙasar Damari

A ƙasar Damari duk wanda ya sa farar riga ya riƙe sirinji likita ne, ko da kuwa takardarsa ta ce ƙaramin ma'aikacin lafiya ne irina. Likita na ainihi sai an je Funtuwa, in abin ya gagari Funtuwa a nausa asibitin Shika. Kafin a kai can kuwa, mu ne. Iyakar abin da muka sani shi ne iyakar abin da marar lafiya zai samu a daren da ruwa ya cinye hanya. Shi ya sa ƙaro karatu a wurinmu ya wuce maganar neman ƙarin girma.

Na fito daga makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya a farkon shekarun 1990, jihar Katsina tana ɗanya shakaf, don a 1987 aka cire ta daga Kaduna. Zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne a ma'aikatar lafiya ta tarayya, mutumin da ya dage cewa lafiyar ƙasa daga ƙauye take farawa. Jarinmu duka littafi ɗaya ne, littafin ƙa'idojin duba marar lafiya da muke kira Sitandin Oda: in ka ga kaza ka ba da kaza, in ka ga kaza kada ka taɓa, ka tura gaba. Mun haddace shi. Zazzaɓi, kulorokwin. Gudawa, ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, goma na sukari, a ruwa cikin kwalbar lemo biyu. Cibiyar jariri, a riƙa goge ta da sifirit. Babu malamin da ya gaya mana cewa ilimin asibiti ma yana da ranar lalacewa kamar maganin da ke cikin kwali. Kafin in ajiye aiki, ukun nan duk an sauya su.

Makarantarmu ta biyu ita ce taron ƙarshen wata. Da farko Faskari muke kai rahoto, sai a 1996 Sabuwa ta samu ƙaramar hukumarta tafiya ta ragu. Kowane incaji zai ɗaure rajistarsa a bayan babur, ya kai lissafin yaran da aka yi wa rigakafi da matan da suka zo awo, ya karɓi alluran wata mai zuwa a cikin kula da ƙanƙara. Wannan na hukuma ke nan. Karatun gaske yana farawa ne bayan an tashi, a gindin bishiya wajen mai shayi. A nan wani zai ce ya ga yaro da kumburin ƙafa da gashi ja, me kuka gani? Wani ya ce tamowa ce, kada ka ɗura masa ruwa ta jijiya, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Akwai wani dattijo cikinmu da ya fara aiki tun zamanin asibitin sha-ka-tafi, kowa Baba yake ce masa. Shi ya koya mini gyaran lagwanin firji mai kananzir har wutar ta koma shuɗiya, da yadda ake gane ciwon haƙarƙari a jikin yaro ta ƙirga numfashinsa da agogon hannu.

A wannan shekara ta 1996 ne sanƙarau ya yi wa Arewa dirar mikiya. Mutum fiye da dubu ɗari suka kamu a Najeriya, sama da dubu goma sha ɗaya suka rasu. Babu lokacin zama aji. A tsaye aka nuna mana allurar kuloramfenikol mai maiƙo, wadda ake yi sau ɗaya a tsoka, aka ce ku je. Muka shimfiɗa marasa lafiya a inuwa, muna ɗaga kan kowa mu ji ko wuya ya sandare. A shekarar ce kuma aka yi gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano, abin da ya bar tabo a zukatan mutane. Da aka shiga rikicin ƙin allurar shan inna a 2003, mu aka bari da amsa tambayoyi a zaurukan masu unguwanni, alhali babu darasin da ya shirya mu don wannan.

Sauyin da ya fi girgiza mu shi ne na zazzaɓin cizon sauro. Mun daɗe muna lura cewa kulorokwin ya rage kaifi: yaro zai sha, ya yi ta susa saboda ƙaiƙayin da yake sawa, bayan mako guda uwar ta dawo da shi jiki rau. Muna cewa ko jabu ne, ko ba a ba shi daidai ba. Ashe ƙwayar cutar ce ta saba da shi. A 2005 Najeriya ta sauya ƙa'ida, aka koma haɗin magani mai sinadarin atemisinin, wanda aka fi sani da Coartem: sha shida cikin kwana uku, kuma a ci abinci mai ɗan maiƙo kafin a sha. Daga baya aka kawo ɗan katin gwajin jini. A huda yatsa, a ɗiga jini, a ɗiga ruwan gwaji, a jira kamar kwatar awa. Layi biyu akwai zazzaɓin sauro, layi ɗaya babu.

Koyon wannan bai ɗauki wuni ba. Wahalar tana wajen tsayawa gaban mutanen da ka shekara goma kana gaya wa abu, ka ce yanzu ba haka ba ne. Ina tuna wani magidanci da ya kawo ɗansa da damina, jiki kamar garwashi. Na gwada, layi ɗaya. Na duba kunne, sai ga ruwa yana fita.

"Malam, ba zazzaɓin sauro ba ne. Kunnensa ne ya yi ƙurji."

Ya dubi katin, ya dube ni. "Likita, wannan ɗan robar ne zai faɗa maka ciwon ɗana? Da can da kake yi masa allura ya warke, da me ka gwada?"

"Da can ido kawai gare mu, Malam. Yanzu an samu abin da ya fi ido gani."

"To ni dai a yi masa allura. Ƙwaya ai ba ta ratsa jiki."

Ya karɓi maganin kunne ba don ransa ya so ba, kuma na san daga wurina kemis ya nufa. Wannan ne ya sa muka gane cewa in mun yi bita mu kaɗai, rabin aiki muka yi, domin kafin mutum ya zo wurinmu ya riga ya biya ta wurin mai kemis, wani lokaci da wanzami. Muka fara gayyatar masu kemis ranar da ba ta kasuwa ba, mu nuna musu katin gwaji, mu roƙe su su daina yanka fakitin magani suna sayar da rabi. Wasu suka ji, wasu suka ce ciniki daban, asibiti daban.

Ita bitar kanta tana da halinta. Ana horar da mutane a Abuja, su sauko su horar da na Katsina, na Katsina su horar da na ƙananan hukumomi, su kuma su tara mu. Abin da aka yi mako guda ana koyarwa a sama, in ya iso mu ya koma wuni ɗaya, rabinsa jawabin buɗe taro da jiran shinkafa. Ga kuma maganar alawus. Na sha ganin an tura wanda bai taɓa karɓar haihuwa ba bitar karɓar haihuwa, don shi ne na hannun daman mai rubuta sunaye, matar da ke kwana a ɗakin haihuwa kuwa ko labari ba ta ji ba. Kuma bita tana bin kuɗin masu ba da tallafi ne: ta shan inna ba ta yankewa, amma hawan jini da ciwon sukari, da suke cin dattawanmu a hankali, sai a shekara ba a ambace su ba.

Duk da haka, ƙarya ne in ce ba ta amfane mu ba. A bita na koyi karanta ɗan tambarin da ke jikin kwalbar rigakafi, wanda in murabba'in ciki ya yi duhu kamar da'irar waje, zafi ya kashe maganin, sai zubarwa. A bita aka ƙara mana zinki a kan ruwan gishiri da sukari na leda. A ƙarshen 2011 aka horar da mu kan sabuwar allurar sanƙarau, MenAfriVac, Katsina tana cikin jihohin farko, sai ga shi a 2017 wani nau'in sanƙarau da allurar ba ta karewa ya ɓullo daga Zamfara, muka sake komawa aji. Haka maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara wata-wata da damina, wanda aka fara gwadawa a wasu ƙananan hukumomin arewacin Katsina a 2013. Da ya iso mu, mun ga bambanci a yawan yaran da ake kawowa suna suma a watan Satumba.

Inda karatu ya fi ceton rai a idona shi ne ɗakin haihuwa. Da, in mace ta fara jijjiga, abin da muke iyawa shi ne neman mota da addu'a. Shirin tura ungozomomin asibiti karkara na 2009, da ƙa'idar 2014 da ta halatta wa irinmu wasu ayyukan da da sai nas ko likita, su suka kawo mana allurar magniziyam da ake yi wa mai jijjiga kafin a ɗauke ta, da ƙwayoyi uku na misoforostol da ke hana zubar jini bayan haihuwa, da man kuloheksidin na cibiya. Mun tara ungozomomin gargajiya don mu koya musu. Wata tsohuwa ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Ɗan nan, duk na ji. Amma wa ka gaya wa? Mai jego ba ta da ta cewa a kan cibiya. Uwar miji ce ke gasa ta da tsumma. In ba ka shawo kanta ba, man nan a ƙarƙashin katifa zai ƙare."

"To Inna, yaya za a yi?"

"Ka bar ni da su. Kai dai ka ba ni man."

Ita ta shigar da shi gidajen da ni ko zaure ba zan wuce ba.

Masu rabo cikinmu sun samu tafiya kwas na babban jami'in lafiyar al'umma a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. 'Yan mata kuma suka fara tafiya makarantar ungozoma ta Malumfashi. Sai dai wanda ya ƙaro karatu ba kasafai yake dawowa ba. Da takarda ta fito sai neman canji zuwa Funtuwa ko Katsina, inda akwai wuta da makarantar yara. Ban ga laifinsu ba, amma haka ƙauye ya riƙa renon ma'aikata birni yana girba.

Sannan daji ya ɓaci. Muna maƙwabtaka da dazukan Birnin Gwari, kuma abin da ya fara da satar shanu ya koma satar mutane. A Yunin 2020 aka yi kisan mutanen Kadisau a Faskari, a Disamba aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sama da ɗari uku. Masu duba aiki daga Katsina suka daina zuwa. Taron wata ya koma na sauri, kowa yana duban rana. Wasu abokan aiki suka kwashe iyali, wasu asibitocin ƙauye aka rufe su. Muka koma dogaro da zauren WhatsApp, inda mutum zai tura hoton ƙurji ko takardar gwaji, wani likita ɗan yankin da ke birni ya ba da shawara. A Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, a shekarar da amai da gudawa ya addabi jihar. Watanni muka yi babu mai tambaya, babu mai amsawa. Kuma ciwon da aka fi kawo mana a lokacin babu shi a Sitandin Oda: raunin harsashi. Yadda ake danne jijiya, da ɗaure ƙafa a rubuta lokacin da aka ɗaure, daga bakin wani abokin aiki da ya taɓa zama a ɗakin tiyata muka koya, muka koya wa 'yan sa-kai da direbobin da ke ɗauko mutane.

Yaran da suka gaje mu sun fi mu takardu, ga waya a hannu, ga sharaɗin halartar bita kafin a sabunta musu lasisi. Amma yawancin bitar a birni ake yin ta, kuɗin mota daga aljihunsu, hanyar kuma kowa ya san halinta: a farkon 2024 ma an sace 'yan rakiyar amarya a hanyar Damari. Da za a tambaye ni, sai in ce a daina kiran ma'aikacin ƙauye otal. A turo masa ƙwararre ya wuni da shi a asibitinsa, ya ga abin da ke cikin kabad ɗinsa da abin da babu, a kira mai kemis da ungozoma su zauna. Wanda kuma aka biya wa kuɗin karatu, a ɗaure shi da alkawarin dawowa, a ba shi dalilin zama.