Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta

Jama'a, akwai wata magana da ba kasafai ake ɗaga ta a gidajenmu ba: yaro ko yarinya da ke ji wa kai ciwo da gangan, a ɓoye, sau da yawa ba don son mutuwa ba. Idan uwa ta ga tabo a hannun 'yarta, abin da ke fara zuwa bakinta shi ne "Ke mahaukaciya ce?", uba kuma ya nemi bulala. Ina ganin wannan martanin na farko shi ke yanke hukunci kan ko yaron zai sake buɗe baki ko zai ƙara ɓuya, kuma mun saba yin sa a karkace.

Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Masu binciken halayyar matasa sun daɗe suna tambayar waɗanda abin ya shafa, amsar da ta fi yawa kuwa ita ce ƙunci ya cika musu ƙirji har ba su san inda za su kai shi ba, sai zafin jiki ya ɗan dakushe na zuciya. Wasu kuma sun ɗauki kansu marasa amfani, suna hukunta kansu. Sauƙin ba ya daɗewa, kunya ta biyo baya, ƙuncin ya dawo ya fi na da, shi ya sa abin ke maimaituwa. Galibi yana farawa ne tsakanin shekara 12 zuwa 14, daidai lokacin da yaro ke fama da jarrabawa, da gorin abokai, da rikicin iyaye, wani ma da cin zarafin da bai isa ya faɗa wa kowa ba. Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2014 ya gano kusan kashi 17 cikin 100 na matasa sun taɓa yin haka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Wani zai ce ai neman a kula shi yake yi. To, mai neman a gan shi ba ya sa riga mai dogon hannu a zafin bazara don kada a ga tabonsa, alhali akasarinsu ɓoyewa suke yi. Mu ma ɗauka neman kulawar ne. Yaron da bai samu hanyar jawo hankalin iyayensa ba sai ta jininsa, ai ya riga ya gaya mana akwai abin da ya lalace a tsakaninmu da shi. Wani kuma zai ce cutar Turawa ce da wayar salula ta kawo. Gaskiya ne akwai hotuna a intanet da ke ƙara tunzura mai rauni, kuma ya dace iyaye su san abin da 'ya'yansu ke kallo. Amma ƙwace waya ba ya cire abin da ke zuciya, kuma ƙarancin ƙididdiga a wajenmu ba shaida ba ne cewa abin babu shi, a al'ummar da ake koya wa yaro haɗiye damuwa da sunan haƙuri da kunya.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta addini: cutar da kai haramun ne, don haka a tsawata. Babu jayayya kan hukuncin, kuma yaron da ya yi Islamiyya ya san shi, sanin ne ma ke ƙara masa jin cewa ya lalace. Abin da bai sani ba shi ne yadda zai yi da ƙuncin idan ya taso masa da tsakar dare. Wanda ya karye a ƙafa ana yi masa addu'a ana kuma kai shi wajen ɗori, ba wanda ke ganin ɗayan ya soke ɗayan. Ban ga dalilin da zai sa ciwon damuwa ya bambanta ba, ko a ce lallai iskokai ne a tsaya ga ruƙiyya kaɗai.

Abin da ke aiki bai da tsada a farkonsa. A fara kula da raunin, a kai asibiti idan ya yi tsanani ko an sha wani abu mai guba. Sannan a zauna, ba a gaban ƙanne ba, a ce "Na ga kina cikin damuwa, gaya mini," a kuma yi shiru a saurara. Idan yarinya tana jin nauyin mahaifiyarta, goggo ko yaya na iya yin wannan zaman. Kada a tilasta mata rantsuwar dainawa, domin ranar da ta karya za ta ɓoye. A tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin, kuma wajibi ce, domin wanda ke ji wa kansa ciwo ya fi sauran shiga haɗarin hakan. A kulle magunguna da maganin ƙwari. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Wani bincike a Ostireliya da ya bi matasa shekara da shekaru, aka buga a 2012, ya nuna kusan tara cikin goma na masu ji wa kansu ciwo sun daina kafin su zama cikakkun manya.

Doka ma tana da hannu a wannan ɓoyon. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Iyalin da ke tsoron 'yan sanda za su yi jinyar ɗansu a ɗaki su ce faɗuwa ya yi. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023.